Tsanin da Ya Rasa Matakan Tsakiya: Nazari kan Komawar Manya Karatu da Koyon Sana'a a Dutse da Tsakiyar Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci halin da baligi yake shiga idan ya ƙuduri komawa karatu ko koyon sana'a a Dutse da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita. Manufarta ita ce gano dalilin da ya sa ƙaruwar makarantu a yankin tun daga 1991 ba ta zama hanya mai ɓullewa ga wanda karatunsa ya yanke ba. An bi hanyar nazarin tarihi da tsare-tsaren hukuma, aka auna su da rabe-raben shingaye uku na Patricia Cross. Nazarin ya nuna cewa tushen matsalar shi ne rashin haɗuwar matakai: ajin yaƙi da jahilci da cibiyar koyon sana'a da shagon ubangida da tsangaya da babbar makaranta, kowanne yana cin gashin kansa, kuma shaidar da ɗaya ya bayar ba ta buɗe ƙofar na gaba. Maƙalar ta kira abin da ake buƙata da sunan "tsanin komowa", ta amsa suka guda uku da za a iya yi wa wannan ra'ayi, sannan ta rufe da shawarwari.

1.0 Gabatarwa

A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ciro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse ta zama babban birninta. Daga wannan lokaci zuwa yau, yankin masarautar Dutse mai ƙananan hukumomi 7, wato Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Kiyawa da Jahun da Miga, ya samu manyan makarantun da a da sai an je Kano ko Zariya ake samun irinsu. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Dutse, da Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, da cibiyar Jami'ar Karatu Daga Gida, da makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu, da ta kimiyyar lafiya a Jahun. Duk da haka, binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018/2019 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci, alhali matsakaicin ƙasa kashi 40 ne. Mafi yawan waɗanda wannan adadi ya ƙunsa a matsayin masu riƙe da gidaje sun riga sun wuce shekarun shiga firamare, don haka duk wani gyara da ya tsaya a kan yara kaɗai ba zai taɓa su kai tsaye ba.

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma wannan magana ta samu gindin zama a tarbiyyar addini, inda ake ganin dattijo da littafinsa a zauren malami bayan Asuba ba tare da kowa ya ga baƙon abu ba. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: tunda al'ada ta yarda babba ya yi karatu, makarantu kuma sun yawaita, me ya hana komawar manya karatu ta zama tafarkin da jama'a ke bi su fita da shaida da abin yi? Amsar da za a kafa hujja a kanta ita ce, an gina matakin ƙasa na tsanin an kuma gina na sama, amma matakan tsakiya ba su haɗu ba.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Ana iya kasa ra'ayoyin masana kan ilimin manya gida uku. Kashi na farko ya ɗauki rashin iya karatu da rubutu a matsayin cuta da za a kawar da gangami. A kan wannan fahimta aka gina Yaƙi da Jahilci na Jihar Arewa a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen jagorancinsa, hukumar NORLA da ke Zariya kuma ta riƙa samar masa da littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Lardin Kano, har zuwa rufe ta a 1959. A kanta kuma gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, lokacin da Dutse ke cikin jihar, kafin Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin ƙasa baki ɗaya a 1982, a kuma kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin manya a 1990. Wannan kashi ya yi nasarar kai allo da alli ƙauyuka, sai dai ma'aunin nasararsa shi ne yawan waɗanda aka yaye, ba tare da bibiyar inda suka dosa bayan yayen ba.

Kashi na biyu ya taso ne daga taron ministocin ilimi da UNESCO ta shirya a Tehran a 1965, inda aka fito da ra'ayin "karatu mai amfani", wato a ɗaura koyon karatu da rubutu a kan sana'ar mai koyo. Wannan ya dace da ra'in jarin ɗan Adam na Becker (1964), wanda ya ɗauki ilimi da horo a matsayin jarin da ke ƙara yawan abin da mutum zai samar. Amma Foster (1965), bisa nazarinsa na Ghana, ya yi gargaɗin cewa makarantar koyon sana'a ba ta ƙirƙirar aikin yi, domin kasuwa ce ke fayyace abin da ɗalibi zai nema.

Kashi na uku ya mayar da hankali kan shi kansa mai koyon. Knowles (1970) ya nuna cewa babba yana zuwa aji da tarin gogewa, kuma yana neman ilimin da zai warware masa matsalar da ke gabansa. Freire (1970) ya soki koyarwar da ke ɗaukar ɗalibi kamar asusun da ake zuba wa kuɗi. Street (1984) ya nuna cewa iya karatu iri-iri ne, kowanne da muhallin da yake aiki, kuma misalinsa ya haɗa da karatun makarantun Alƙur'ani na Iran da yadda ya taimaka wa fatake a harkar kasuwanci. Ita kuwa Cross (1981) ta rarraba abubuwan da ke tare wa babba hanya zuwa gida uku. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka, dangane da yanki irin na Dutse, shi ne kowannensu ya dubi mataki guda: ko ajin farko, ko wurin horo, ko zuciyar ɗalibi. Abin da ke faruwa a mahaɗar mataki da mataki bai samu kulawar da ta kamace shi ba, kuma nan wannan maƙala ta sa ido.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na sharhi ne, an kuma gina shi a kan abubuwa uku: tarihin hukumomin ilimin manya da na horon sana'a, da sharuɗɗan shiga manyan makarantu kamar yadda hukumomin jarrabawa suka shimfiɗa su, da sanannen tsarin noma da kasuwanci na yankin. An ɗauki rabe-raben Cross a matsayin ma'auni, aka ba su waɗannan sunaye: "shingen halin rayuwa", wato talauci da iyali da nisa da ƙarancin lokaci, "shingen tsari", wato ƙa'idoji da jadawali da sharuɗɗan da makaranta ta gindaya, da "shingen zuci", wato kunya da shakkar kai. An yi amfani da kalmar "mai komowa" ga duk wanda ya kai shekarun ɗaukar nauyin kansa ko na iyali, ya kuma nemi ilimi ko horo bayan yankewa. "Tsanin komowa" kuwa na nufin jerin matakan da kowannensu ke ƙarewa da shaidar da mataki na gaba ya amince da ita. Tambaya ɗaya aka riƙa yi a kowane mataki: wanda ya gama nan, ina takardarsa za ta kai shi?

4.0 Nazari

4.1 Rukunonin Masu Komowa

Kuskure na farko da tsari ke yi shi ne tara masu komowa a kwando ɗaya da sunan jahilai. Aƙalla rukuni huɗu ne, kuma bukatunsu sun sha bamban. Na farko shi ne wanda bai taɓa zama a aji ba, na boko ko na allo mai zurfi. Wannan shi ne ainihin wanda aka tsara ajin yaƙi da jahilci dominsa. Na biyu shi ne gardi ko alaramman da ya yi sauka, wataƙila ma ya yi hadda ya rubuta Alƙur'ani da ka, yana rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Wannan mutum ya shafe shekaru yana horar da ƙwaƙwalwarsa, abin da ya rasa shi ne haruffan boko da Turanci da takardar da hukuma ta sani. Na uku ita ce macen da aure ya yanke wa karatu a ƙaramar sakandare ko babba, tare da takwaranta namiji da ya gama sakandare bai haɗa kiredit biyar ba. Na huɗu shi ne mai sana'ar hannu, bakanike ko birkila ko tela ko mai walda ko mai gyaran waya, wanda ya ƙware a hannun ubangida amma ba shi da wata shaida sai bakin abokan cinikinsa. Idan aka zaunar da alaramma da wanda bai san alif ba a benci ɗaya ana koya musu baƙi da wasali da saurin tafiya ɗaya, an ɓata wa alaramman lokaci, an kuma taɓa masa mutunci. Da yawa daga abin da ake kira shingen zuci, wato kunyar da ke korar babba daga aji, haifaffen shingen tsari ne: rashin tantance abin da mutum ya zo da shi kafin a ba shi wurin zama.

4.2 Giɓi na Farko: Daga Ajin Manya zuwa Kiredit Biyar

A rubuce, tsarin ilimin manya na ƙasa yana da hawa uku: matakin koyon karatu da rubutu da lissafi, da matakin ƙarfafawa wanda ya yi daidai da ƙarshen firamare, da matakin ci gaba da karatu wanda ya kamata ya kai mutum ga jarrabawar sakandare. A aikace, azuzuwan matakin farko ne suka fi yaɗuwa, saboda sun fi araha: malami ɗaya da allo da inuwar zaure sun wadatar. Matakin ci gaba kuwa yana bukatar malaman Turanci da Lissafi da kimiyya, da ɗakin gwaje-gwaje, da shekaru. A ɗaya gefen, ƙofar jami'a tana da mabuɗi guda: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, galibi a zama ɗaya ko biyu na jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB ko ta Hukumar Nazarin Larabci da Addinin Musulunci, sannan jarrabawar JAMB wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Ko Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 domin irin waɗannan ɗalibai, tana neman sakamakon sakandare kafin ta karɓi mutum.

Tsakanin takardar yaye ta ajin manya da wannan mabuɗi akwai tazarar karatun shekara shida na sakandare. Mai komowa daga Kiyawa ko Buji da ke son tsallake wannan tazara ba shi da zaɓi sai ya biya kuɗin darasi na ƙashin kansa, ya kuma yi rajistar jarrabawa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, duk a cikin harshen da ba da shi ya koyi karatun farko ba. Nan ne mahaɗar ta fi rauni, domin ajin manya da Hausa ake yin sa, kuma daidai ne a yi shi da Hausa, amma babu tsayayyen matakin da ke ɗaukar wanda ya iya karatu da Hausa ya gina masa Turanci a kai sannu a hankali. Sakamakon haka shi ne koma-baya: wanda ya koyi haɗa baƙi bai samu abin karantawa ko inda zai ci gaba ba, bayan 'yan shekaru sai abin ya dushe. Masu Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 sun gane wannan haɗari, shi ya sa suka haɗa aji da jarida.

4.3 Giɓi na Biyu: Ƙwarewa ba Shaida, Shaida ba Ƙwarewa

Hanyoyin koyon sana'a a yankin biyu ne. Ta farko ita ce ta gargajiya, inda ake kai yaro ko saurayi wurin ubangida a gareji ko shago, ya fara da aike da miƙa sifana, ya shekara uku ko biyar ko fiye kafin a yaye shi. Wannan hanya ita ta samar da mafi yawan masu aikin hannu da ke gina gidajen Dutse da gyara injinan ban-ruwa na masu noman rani. Ƙarfinta shi ne a cikin kasuwa ake koyo, mai koyo yana ganin yadda ake ciniki da yadda ake riƙe abokin hulɗa. Rauninta shi ne ba ta wuce iyakar sanin ubangida, kuma ba ta ƙarewa da takarda. Ta biyu ita ce ta hukuma: shirye-shiryen Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa da aka kafa a tsakiyar shekarun 1980, da cibiyoyin koyon sana'a na jiha, da horon 'yan makonni da ake rufewa da rabon keken ɗinki ko kayan aiki. Wannan tana ba da takardar halarta, amma wa'adinta sau da yawa bai isa ya gina hannu ba, takardar kuma ba ta da matsayi a ma'aunin ɗaukar aiki ko na shiga kwaleji.

Abin lura shi ne ƙasar ta riga ta tanadi kayan haɗa waɗannan hanyoyi biyu. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta daɗe tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana ba da shaidar fasaha da ta kasuwanci. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana kula da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa, wanda a cikinsa akwai abin da wannan maƙala ta kira "tantance ƙwarewar baya", wato a gwada mutum a kan aikin da ya riga ya iya, a ba shi matakin da ya cancanta ba tare da an mayar da shi farko ba. Matsalar ita ce waɗannan ƙofofi sun yi nisa da gareji: bayanansu da Turanci suke, wuraren gwajin kaɗan ne, kuma mai sana'ar da ke ci daga aikin yini ba zai rufe shago ya bi abin da bai ga amfaninsa a fili ba. Haka birkilan da ya shekara ashirin yana gini zai ci gaba da zama lebura a takardar ɗan kwangila.

4.4 Lokaci da Wuri

Jadawalin makarantun boko an gina shi ne a kan rayuwar yaro ko ma'aikacin albashi. Rayuwar magidanci a tsakiyar Jigawa kuwa tana bin damina da kaka da rani. Daga saukar ruwan sama zuwa girbin gero da dawa da riɗi, manomi ba shi da yinin da zai bayar. Bayan kaka wasu su shiga fadama, wasu su tafi ci-rani, ranakun manyan kasuwanni irin su Shuwarin da Sara kuma ba a haɗa su da komai. Duk shirin da ya nemi halarta kullum na wata tara a jere ya riga ya tankaɗe mafi yawan waɗanda aka yi shi dominsu. Ga mace kuma akwai ƙarin goyo da girki da izinin miji da nisan hanya. Amma cikar Islamiyyun matan aure da na dare a unguwannin Dutse hujja ce cewa mata suna fitowa neman ilimi idan wurin na kusa ne, lokacin ya dace, kuma iyali sun amince da masu koyarwa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan karkara a inda suke. Darasin da ke ciki shi ne makaranta ce ke daidaita kanta da rayuwar babba.

4.5 Misalin Matakin Tsakiya da Aka Gwada

Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a wasu jihohin Arewa har da Jigawa, ya ba da misalin yadda matakin tsakiya ke aiki. Matsalar da ya tarar ita ce ƙarancin mata ma'aikatan lafiya a karkara, alhali makarantun jinya da ungozoma suna nan, sai dai 'yan matan ƙauye da matan aure ba su da sakamakon kimiyyar da ake nema. Shirin bai rage sharaɗin shiga ba. Ya kafa shekarar share fage inda ake karantar da ɗalibai su gyara sakamakonsu su kuma shirya wa jarrabawar shiga, al'umma ce ke zaɓo su da fahimtar za su dawo su yi mata aiki, aka kuma kula da masauki da renon yara domin masu goyo. Abubuwa uku suka haɗu a nan: an san ƙofar da ake nufa, an san aikin da ke bayanta, an kuma cire shingen halin rayuwa. Iyakar misalin ita ce fanni ɗaya ya shafa, kuma da kuɗin waje aka fara shi. Abin da ya tabbatar shi ne giɓin yana cikuwa idan aka sa shi a gaba.

5.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ita ce ta fifiko. Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jihar da ke da ɗimbin yaran da ba sa zuwa makaranta ba ta da rarar da za ta kashe wa manya. Masanin tattalin arziki James Heckman ya kafa hujja mai ƙarfi cewa jarin da aka zuba a ƙuruciya ya fi riba. Wannan gaskiya ne, kuma maƙalar ba ta neman a rage kason firamare. Sai dai yaro a gida yake tashi, kuma iyaye ne ke yanke shawarar tura shi aji ko talla ko gona. Caldwell (1979), da alƙaluman Nijeriya, ya nuna cewa ilimin uwa yana da tasiri mai zaman kansa wajen rage mutuwar ƙananan yara. Uwar da ta koma aji ita ce za ta duba littafin ɗanta da dare, uban da takarda ta ƙara masa samu shi ne zai iya haƙura da aikin ɗansa a gona. Kuɗin da aka kashe wa babba yana komawa ga yaro ta hanyar da makaranta ba ta iya bi.

Suka ta biyu ita ce ta Foster: horo ba ya haifar da aiki, ga masu digiri ma suna zaune. Amsar ita ce gargaɗin Foster ya fi shafar makarantar da ke horar da mutane nesa da kasuwa, shi da kansa ya karkata ga horon da ake yi a bakin aiki. Mai komowa na rukuni na huɗu yana da aiki a hannu, abin da yake nema shi ne ƙarin sani da shaida. Sannan akwai guraben da ake da tabbacin bukatarsu a yankin: malaman firamare masu shaidar NCE, da ungozomomi, da masu haɗa wutar sola da gyaran famfunan ban-ruwa, da masu tsaftace riɗi da zoɓo zuwa matsayin da masu fitarwa waje ke nema, da masu renon dabino, wanda Dutse ke da tashar bincikensa. Sukar tana zama daidai ne kawai idan aka ci gaba da yaye ɗaruruwan teloli a garin da telolinsa ke jiran Sallah kafin su ga aiki.

Suka ta uku ita ce ta inganci: tantance ƙwarewar baya zai iya zama kasuwar sayar da takardu. Haɗarin na gaske ne. Amma gwajin da ake sa mutum ya tayar da bango ko ya kwance inji ya mayar a gaban masu tantancewa ya fi jarrabawar takarda wuyar maguɗi. Abin da ake bukata shi ne masu tantancewa su kasance daban da masu koyarwa, ƙungiyoyin masu sana'a su zauna a teburin gwaji, a kuma ajiye sakamako a rajistar da kowa zai iya dubawa. Tsanin komowa yana ƙara yawan hanyoyin isa ga ma'auni ne, ma'aunin kuma yana nan yadda yake.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari biyar suka fito. Na ɗaya, kowane mai komowa a fara da tantance shi, a karɓi iya ajami da haddar Alƙur'ani da ƙwarewar hannu a matsayin abin da ke ɗaga shi zuwa matakin da ya dace. Na biyu, a samar da aƙalla cibiyar ci gaba da karatu guda a kowace ƙaramar hukuma ta yankin, a gine-ginen sakandaren da ke zama fanko da yamma, mai kai ɗalibi har jarrabawar NECO ko NABTEB, da darasin Turanci da aka gina a kan Hausa da kuma koyon kwamfuta. Na uku, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Dutse ta zama cibiyar tantance ƙwarewar baya, tana kai gwaji garejoji da kasuwanni, da bayani cikin Hausa. Na huɗu, a yanka karatu gunduwa-gunduwa bisa kalandar noma, yadda wanda ya tsaya da damina zai ɗora daga inda ya tsaya bayan kaka. Na biyar, a sauya ma'aunin nasara daga yawan waɗanda aka yaye zuwa yawan waɗanda suka hau mataki na gaba ko suka samu ƙarin abin yi bayan shekara biyu.

Nazarin ya nuna cewa cikin shingaye ukun Cross, shingen tsari ne ya fi nauyi a Dutse da kewayenta, domin shi ke ƙara wa sauran biyun tsayi, kuma shi ne wanda hukuma ke da ikon gyarawa da hannunta. Hukumar ilimin manya da cibiyoyin sana'a da hukumomin jarrabawa da manyan makarantu duk suna nan; aikin da ya rage shi ne yarjejeniyar da za ta sa takardar kowanne ta zama mabuɗin ƙofar na gaba. Babba mai iyali yana lissafi kafin ya ba da yininsa, kuma zai ba da shi ne idan ya hango inda tsanin ya dosa tun daga matakin farko.